Geron da muka shuka a cikin kwamfuta

Duk wanda ya taɓa buga Minecraft, ko ya tsaya a bayan mai bugawa yana leƙe, ya san yadda noma yake a cikinsa. Ka sari ƙasa da fartanya sau ɗaya, ka jefa iri, ka juya kana gina ɗaki a gefe. Kafin ka ɗora rufi alkama ta nuna. Ba ta san ciyawa ba, ba ta san fara ba, kuma in ka bar ta a tsaye har shekara, haka za ka dawo ka same ta, ko tsuntsu bai taɓa ta ba. Ga yaron da ya tashi a wani birnin Suwidin, ƙasar da Markus Persson ya ƙirƙiro wasan a 2009, wataƙila wannan ya isa a kira shi noma. Mu kuwa da yawancinmu ke cinye hutun damina a duƙe, abin dariya yake ba mu.

Mu bakwai ne a ƙungiyar kwamfuta ta makarantarmu, maza 4, mata 3. Da Malaminmu ya ce kowace ƙungiya ta kawo aikin da za ta nuna wa iyaye a ƙarshen shekara, sai muka ce mu gero za mu shuka a cikin wasa, gero irin namu, wanda manomi zai kalla ya gane shi.

Ba mu taɓa Minecraft ba, don saye ake yi, kuma kwamfutocin ɗakinmu sun kwana biyu. Luanti muka ɗauka. Wasu cikinku sun san shi da tsohon sunansa, Minetest. Wani ɗan ƙasar Finland mai suna Perttu Ahola ne ya fara shi a 2010, aka sauya masa suna a watan Oktoba na 2024. Kyauta ne, ba shi da nauyi, har a wayar Android yana tashi. Duniyarsa ma ta tubala ce masu kusurwa huɗu, kamar ta Minecraft. Babban abin da ya ja mu gare shi shi ne an gina shi ne don kowa ya ƙara masa abin da yake so. Wannan ƙarin shi ake kira mod. Ana rubuta shi da harshen kwamfuta mai suna Lua, wanda aka ƙirƙira a wata jami'a ta birnin Riyo a ƙasar Brazil a 1993. Da harshen Fotugis, ma'anar kalmar ita ce wata, na sama.

Zanen shi ya fi sauƙi. Alkamar da ke cikin wasan tana da matakai 8 daga tsiro zuwa nuna, kowane mataki hoto ne ɗan mitsitsi mai ɗigo 16 a tsaye, 16 a kwance. Muka bar adadin yadda yake, muka ba matakan sunayen da muke ji a gida: tsiro, yabanya, kara, ciki, fitar da kai, bununi, ido, nuna. Mai zanenmu ta yi kwana biyu a kan bununi kaɗai, tana neman launin da zai nuna garin nan mai ɗan rawaya da ke manne wa rigar wanda ya ratsa gona.

Daga nan lissafi ya shigo. Yini guda da darensa a Luanti minti 20 ne. Gero na ɗaukar kimanin kwana 90 kafin ya nuna. In muka ce kwanan wasa ya zama kwanan gona, to 90 sau 20 ya ba mu minti 1,800, wato awa 30 cur a gaban allo. Mu kuwa awa 2 ake ba mu a mako. Ke nan sai an yi mako 15, zango ya ƙare gero bai nuna ba. Alkamar wasan kuma kimanin rabin awa take yi, wanda ko kunu bai gama hucewa a ran mutum ba. Tsakanin awa 30 da rabin awa muka yi ta ciniki kamar a kasuwa, har muka tsaya a kan cewa kwana ɗaya na wasa shi ne mako ɗaya na gona. Gero zai nuna a kwana 13, awa 4 da minti 20. Shekararmu muka yi ta kwana 28: damina 16, kaka 6, rani 6. Mun san rani ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba, amma ba wanda zai zauna yana kallon ƙura a allo har wata bakwai.

Ku lura da waɗannan lambobin biyu, 16 da 13. Ratar da ke tsakaninsu kwana 3 ce kacal. Wanda ya yi sanyin jiki wajen shuka, ruwa zai ɗauke gerensa na ciki. Duk wasan a kan wannan ratar yake tsaye.

Akwai wata matsala da ba a ganinta sai an shiga ciki. Kwamfuta ba ta iya riƙe duniyar wasa gaba ɗaya a lokaci guda, don haka wurin da ɗan wasa yake kaɗai take rayawa, sauran wuraren barci suke yi. Kowace shuka tana da ɗan agogonta. A alkamar wasan, agogon kan zaɓi lokaci tsakanin sakan 166 da 286, in ya buga sai shukar ta duba ko akwai haske da laima, ta hau mataki na gaba. An sa zaɓen ya bambanta ne don kada gona ta tashi lokaci ɗaya kamar sojoji a fareti. To amma in ka yi nisa, agogon ya tsaya. Ka tafi haƙar ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa na kwana 10, ka dawo, mataki ɗaya kawai alkamarka za ta ƙara. Gonar gaskiya kuwa ba ta jiran mai ita. Abin da muka yi shi ne, a farkon kowace shekara mod ɗinmu yana jefa ƙuri'a ya tsara ranakun da za a yi ruwa, ya adana su a ɓoye. Kowace shuka kuma tana riƙe da ranar da aka duba ta ƙarshe. In ka dawo ta farka, sai ta bi kwanakin da ta yi barci ɗaya bayan ɗaya, ta ga ranar da aka yi ruwa da ranar da aka yi rana, ta lissafa abin da ya same ta. Layi ashirin da 'yan kai ne, amma sun ci mana mako 3, yawancinsu a bayan littafin lissafi muka rubuta su, ranakun da babu wuta.

Ruwan ma mu muka ƙirƙira shi, don a wasan na asali ƙasa kan jiƙe ne in akwai ruwa a kusa da ita da tazarar tubali 3, ta zauna a jiƙe har abada. Wannan noman rani ne a bakin rafi. Mu muka ba kowace kunya lamba daga 0 zuwa 10, ita ce laimarta. Ruwan sama ya ƙara mata 4. Rana ta cire 2 a jigawa, ta cire 1 a fadama.

A nan ne muka rabu gida biyu, kuma rabuwar ta kusa tarwatsa aikin. In laima ta kai 0, me zai faru? Uku cikinmu suka ce shuka ta tsaya kawai, ta jira ruwa. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun kawo misalin Stardew Valley, wasan noman da Ba'amurke Eric Barone ya yi shi kaɗai ya fitar a 2016, wanda miliyoyin mutane suka saya. A cikinsa in ka manta ba ka yi ban ruwa ba, shukar ba ta mutuwa, ta dai rasa girman wannan ranar. Suka ce mutum ya zo wasa ne don ya huta, in ƙanin wani ya yi awa 2 yana noma ya dawo ya tarar da busasshen kara, ba zai sake taɓa wasan ba. Sauran kuma suka ce ai ko a Stardew Valley ɗin, kowane yanayi kwana 28 ne, yana juyawa shukar da ba ta lokacin ba ta bushe, kuma hankaki na cinye gonar da ba a kafa wa mutum-mutumi ba. Ke nan shi ma bai yarda a yi gonar da ba a asara ba.

Ɗaya daga cikinmu, wanda bai cika magana ba, shi ya sauya zancen. Ya ce bara sau 3 suka yi shuka a gidansu. Ruwan farko ya sauka, suka fita da sungumi, tsiro ya fito, sai sama ta yi shiru. Suka sake, ta sake yin shiru. A karo na uku irin aro suka shuka. Ya ce in muka yi geron da ba ya mutuwa muka kira shi gero, to mun ce wa duk wanda ya buga wasan babansa ba ya yin komai sai jefa iri da jira. Daga nan ba wanda ya sake yin dariya a ɗakin.

Malam bai raba mana gardamar ba. Cewa ya yi mu je mu tambayi masu abin. Muka ɗauki waya muka je wurin kakan ɗaya daga cikin 'yan matanmu, tsohon da ya fi shekara 50 yana noma. Ya daɗe yana kallon allon, ya sa aka matso masa da shi kusa da ido, sannan ya ce, "Amaryata, wannan geron naku wa yake ba shi ruwa?" Ta ce, "Kaka, sama ce, kamar naku." Ya ce, "To in sama ce, ku sa ta riƙa yin alkawari tana saɓawa." Ya yi mana bayanin binne, wato a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, don tsiro ya riga na kowa fitowa, da yadda yayyafi kaɗan kan tayar da irin ya bar shi ya ƙone. Ya ce tsiro shi ne mai saurin mutuwa. Gero in ya yi kara ya kafa saiwa yana da haƙuri, sai dai ya nannaɗe ganye ya jira. Amma in fari ya same shi yana bununi, kai zai fito dogo kyakkyawa, ka murza ka ga ba ido. Sannan ya ƙara da wata magana da ta zame mana doka: gona ba ta mutuwa ba sallama, sai ta nuna wa mai ita alama tukuna.

Da wannan muka koma muka sasanta. Geronmu yana mutuwa, amma a matakin tsiro da yabanya kaɗai, kuma sai laima ta kwana 2 a kan 0. A kwana na farko hotonsa zai sauya, ganye ya nannaɗe ya yi fari-fari, don mai gona ya gani. In akwai rijiya kusa yana iya ceton 'yan kunyoyi da guga, ba duka ba, don gugan namu kunya ɗaya yake jiƙawa. In kuma ya mutu, ana iya sake shuka muddin akwai sauran iri da sauran damina. Bayan ya yi kara ba ya mutuwa, sai dai ya yi asarar maki. Kowace shuka tana farawa da maki 100. Kwanan fari ɗaya yana cire 5, amma a matakin bununi da ido 20 yake cirewa. Ciyawa tana fitowa sau 2, kamar yadda ake noman farko da maimai, kuma duk kwanan da aka bar ta tana cin maki 10. Taki yana mayar da wani abu. A ƙarshe makin da ya rage shi ke faɗin zangarniya nawa za ka samu, daga 1 zuwa 6.

Abin da ya fito daga wannan tsarin shi ya fi komai faranta mana rai. A ranar da ruwan farko ya sauka, ɗan wasa yana da tambaya a gabansa wadda ba wanda zai amsa masa. In ya shuka yanzu, wataƙila ruwan yaudara ne, ya yi asarar iri. In ya jira na biyu, wataƙila kwana 3 ɗin nan su ƙare. Mun sa ƙuri'ar ta kawo ruwan yaudara kamar shekara ɗaya cikin uku, kuma ko mu da muka rubuta ba ma sanin wace ce. A ganinmu wasa yana yin daɗi ne a daidai inda ya tilasta maka zaɓi, ka zaɓa, sannan ka zauna da abin da ka zaɓa. Wasan da danna maɓalli kawai ake yi a karɓi lada, ko an yi masa zane mai kyau, bayan kwana biyu ya gundure ka.

Sai girbi. A wasan na asali, ka bugi alkama sau ɗaya ta faɗa jakarka, ka haɗa huɗu ka sami gari. Mu muka zauna muka jera abin da ake yi wa gero tun daga gona har bakin tukunya: a kwantar da kara, a yanke zangarniya, a ɗaure dami, a kai rumbu, a yi sussuka, a yi shiƙa, a surfa, a wanke, a daka. Kowa ya yarda ba za a sa su duka ba, wasa ne ba horo ba. Maza suka kawo shawarar a tsaya a rumbu, dami na shiga hatsi na fita. 'Yan matan suka ce ba su yarda ba. Ɗaya ta ce, "Wato aikin da ake yi da fartanya shi ne aiki, wanda iyayenmu mata ke yi da taɓarya kuma sai a tsallake shi da maɓalli ɗaya?" Ba wanda ya sami amsa. Turmi ya shiga wasan. Dami ba ya zama hatsi sai an sussuka shi, kuma in mutum biyu suka tsaya a turmi ɗaya aikin ya fi sauri, kamar masu lugude. Shiƙa muka haɗe ta da sussuka, ta bar ƙaiƙayi a gefe, surfe kuma ya ba da dusa ta dabbobi. Karan ma bai tafi a banza ba, da shi ake yin darni.

Lokacin girbi yana da ƙofa biyu. Wanda ya ƙosa zai iya karya kai tun yana matakin ido, ya sami tumu. Tumu ana gasa shi a ci, yana maganin yunwa nan take, amma ba ya ajiyuwa a rumbu kuma ba ya zama iri. Wanda kuma ya bar gero ya nuna ya wuce kwana 2 bai girbe ba, jan baki za su sauka. Kowace rana suna cin zangarniya ɗaya, sai dai in wani na tsaye a gonar ko an ɗaura igiya mai gwangwanaye. Tsuntsayen namu ɗigo ne kawai masu yawo a sama, ba mu iya zana fiffike ba tukuna, amma duk wanda ya gan su sai ya ruga.

Muhimmin abu na ƙarshe da muka sa shi ne hatsin ci da na shuka abu ɗaya ne. Ba a sayar da iri a ko'ina cikin wasan. Abin da ka zuba a rumbu shi za ka ci a rani, shi za ka ci a tsakiyar damina lokacin da sabo bai zo ba tsoho ya kusa ƙarewa, kuma daga cikinsa za ka ware na shuka.

Da muka gama, Malam ya kawo mana 'yan aji ɗaya su 12 su gwada, duk a duniya ɗaya, kowa da filinsa. Muka ƙara wa agogon wasan gudu don shekara ta ƙare a zama biyu, muka koma gefe da littafi muna rubuta abin da muka gani, ba mu ce musu komai ba. A shekarar farko 5 suka cinye irinsu tun rani bai raba ba. Ruwa ya sauka suna tsaye hannu rabbana. Mun ɗauka za su tashi su bar wasan, kuma masu cewa kada shuka ta mutu sun riga sun fara kallonmu. Sai muka ji wani ƙaramin yaro ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Don Allah ara mini iri 4, in na girbe in ba ka 6." Kafin a tashi an fara ciniki a ɗakin. Wasu 3 kuma suka lura cewa ciyawa na fitowa a gonakinsu rana ɗaya, ba mai iya gama tasa shi kaɗai kafin dare, sai suka haɗu suna bin gonakin ɗaya bayan ɗaya. Ba mu rubuta bashi a cikin mod ɗin ba, ba mu kuma rubuta gayya ba. Yaro ɗaya ne ya yi fushi ya tashi da tsironsa ya ƙone, shi ma zama na biyu shi ya riga kowa shiga ɗakin, ya ware iri kashi biyu tun kafin a ga hadari.

Dawa da wake suna nan tafe. Dawa za ta ɗauki kwana 20, ta ƙarasa a cikin kaka da sauran laimar ƙasa. Wake kuwa za a shuka shi a tsakanin kunyoyin gero, ya ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda saiwarsa ke yi a gaske, ya kuma bar harawa. Abin mamaki, ko a Minecraft shukar da aka jera layi-layi tana cakuɗe da wata ta fi saurin girma a kan wadda aka cika fili da ita iri ɗaya.

Wanda har yanzu muke ja-in-ja a kansa shi ne wuta-wuta. Kun san ta, ciyawar nan mai fure ja-ja da ke manne wa saiwar gero da dawa tana tsotse su tun tana ƙarƙashin ƙasa. Irinta na iya kwanciya a gona fiye da shekara 10 yana jira. Muna so ta bayyana a filin da aka yi shekara 3 ana shuka masa hatsi ba taki ba sauyi. Matsalar ita ce dokar da Kaka ya ba mu ta cewa gona sai ta nuna alama, ita kuwa wuta-wuta kafin a ga furenta ta riga ta yi ɓarna. Biyu cikinmu sun ce launin ƙasar ya riƙa dusashewa kaɗan-kaɗan kowace shekara don mai lura ya gane. Wasu sun ce a bar ta ta zo ba sallama yadda take zuwa. Mun ajiye maganar sai bayan jarrabawa, za mu sake komawa wurin tsohon da waya.